Ta'aziyyata Ta Zo Ta Gidan Waya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga mahaifinka Audu na Ƙofar Marke, cikin birnin Sakkwato, zuwa ga ɗansa Modi. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah Ya sauke ka Kano lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, da na gulbi, da na abokin tafiya mai yawan surutu.

Bayan haka, na sa innarka ta cusa wannan takarda a ƙasan gafakarka, ƙarƙashin ƙunshin kilishi, don na san ba za ka wuce zango biyu ba sai hannunka ya kai can. Labarin gida ba zan ba ka ba, babu abin da ka bari wanda ba ka sani ba. Abin da zan faɗa maka kuwa ba na iya faɗarsa ido da ido, domin akwai kunya a ciki, kuma kunyar tawa ce.

Na ji ka haɗa ɗan littafi na hukuncin awon hatsi, har mutum biyu sun ce in ka sauka ka aiko musu ta gidan waya, ka sa musu hannu. Na ga yadda kake tafiya tun ranar, kamar ƙasa ba ta isa ka taka ta ba. Ban ga laifinka ba, ni ma haka na yi. Kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba a ce ya haɗa har da wautar uban ba. Saboda wannan sa hannu da kake ɗoki na kusa rasa yardar malamina Modibbo, wanda kake ɗauke da sunansa, alhali ba ni da abin da ya fi ta a duniya. Sai ka nemi inuwa ka zauna, don maganar da tsawo.

Modibbo ba ka san shi ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a gabansa, tun daga allo har littattafai. A zamaninsa duk Sakkwato babu mai kyan rubutunsa, mutane kan zo zaurensa su zauna don kawai su ga yana jan alƙalami. Ni kuwa duk cikin ɗalibansa babu mai munin rubutuna. Yakan ɗaga allona ya juya shi sama da ƙasa, ya ce yana neman ta inda kajin suka fara tono. Tsumagiyar da ta ƙare a kan wannan hannu nawa, da an tara ta da an yi darni. Shekarar da Nasara suka shigo birni ya bi masu hijira ya yi gabas, daga nan labarinsa ya yanke. Da aka haife ka na sa maka sunansa, ban san ko yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya ba.

Ni kuma na koma rumfar tufafi ta gidanmu. A can, saboda rantsuwar ƙarya da nake ji kullum ta ishe ni, na tsara waƙar ladubban ciniki, wadda ka haddace tun kana tsallen kwata. Ba sarkin da ya sa ni, ba attajirin da ya tsaya mini. Takarda ni na saya, tawada ni na dafa. Fatake suka ɗauki waƙar a baki suka yi ta yawo da ita, har ta je garuruwan da ni ban taɓa takawa ba. Ana nan sai Nasara suka buɗe gidan waya, wasiƙu suka fara zuwa, kowa yana son littafin, kuma kowa yana son a ƙarshensa a ga an rubuta cewa ni na rubuta masa da hannuna.

Na farko da na aika na wani Malam Sani ne a Katsina. Na naɗe littafin cikin jar fata, na ɗinke, na rubuta a bayansa da ajami: a kai wa Malam Sani mai tsamiya a ƙofar gida, in ba ya nan a ba ƙanensa. Akawun gidan waya, wani mutumin Saliyo mai tabarau da haƙuri, ya ce masu gudu da jakar wasiƙa da akawunan hanya ba sa karanta ajami, kuma wannan kwatance bai isa ba. Na ce masa tun kafin a haifi kakansa muke ba madugu saƙo da kwatancen da bai kai wannan ba, kuma yana isa. Bai ja da ni ba, ya juya maganata zuwa boko yadda na faɗa, har da tsamiyar da ƙanen. Bayan wata biyu ƙunshin ya dawo ya sha hannu, an ce Sani mai tsamiya a Katsina sun fi a ƙirga, uku daga cikinsu har sun yi cacar baki a kansa. Madugu ya san fuskar mutum, jakar wasiƙa ba ta san kowa ba. Don haka duk wanda ya nemi littafinka, ka ce ya aiko da cikakken sunansa da na ubansa da unguwarsa, ka bar akawu ya rubuta yadda ya sani. Kada ka yi gardama da mutum a kan sana'arsa, musamman in yana bayan kanta kai kana gabanta.

Ranar da na sake aika shi cikin watan azumi ne, da hantsi. Akawu ya ɗora ƙunshin a sikeli, ya miƙo mini kan sarki, ya ce in lasa in manna. Hankalina yana kan tsamiyar Katsina, ban yi tunani ba na lasa. Sai da na ji ɗanɗanon ƙaro a harshena na tuna wane wata muke ciki. Na fito da harshe a waje, ina tsoron mayar da shi baki, na bi kasuwa haka ina tofar da yawu, mutane suna ba ni hanya. Malamai uku na zagaya ranar. Na farko ya ce azumi yana nan tunda ban haɗiye ba. Na biyu ya ce in rama don kore shakka. Na uku bai ma kula da azumin ba, shi abin da ya dame shi wai na sa harshena a ƙeyar Sarkin Ingila. Na rama kwana ɗaya, innarka kuwa har yau in an ga wata takan tambaye ni ko akwai saƙon da zan kai. Kai dai in za ka gidan waya ka tafi da ɗan ruwa a buta, ka jiƙa yatsa ka shafa.

Waɗannan duk ƙananan kurakurai ne. Wanda ya fi su shi ne daɗin baki. A lokacin duk wanda ya rubuto mini, ina ganin ya yi mini babbar alfarma, sai in zauna in zuba masa kirari a shafin ƙarshe: zuwa ga ɗan'uwana amintacce, mai gaskiya, mai tsoron Allah. Alhali ko inuwarsa ban taɓa gani ba. Wani Tanko daga wajen Argungu ya samu irin wannan. Rannan ina rumfa sai ga dogari, wai alƙalin can yana neman bayani. Ashe an kama Tanko da jakai uku da ba nasa ba, da aka ce ya kawo wanda zai shaide shi sai ya zaro littafina ya ce ga malamin Sakkwato ya shaide shi a rubuce. Dole na rubuta wa alƙali cewa ban san Tanko ba, ban san jakunan ba, yabon kuwa na yi shi ne don shafin ya cika. Ka ga malami yana rubuta wa alƙali cewa maganarsa ba abin kamawa ba ce. Na ji kunya ƙwarai. Tun daga ranar ba na rubuta wa baƙo komai sai sunansa da addu'ar Allah Ya amfanar da shi, domin addu'a ko ɓarawo yana bukatarta. Kai ma ka tsaya a nan.

Sai kuma wani mai hatsi a Jega, wanda ya nemi littafin sau uku cikin damina ɗaya. Na ɗauka son ilimi ne, har ina ba da labarinsa a zaure. Da ya shigo birni fatauci ya zo gaishe ni, na tambaye shi wane baiti ya fi so. Ya sunkuyar da kai ya ce shi gaskiya baitocin bai kai gare su ba tukuna, shafin ƙarshe yake cirewa. Wai da ya ga sa hannuna ya kai wa malamai biyu suka kasa karantawa, sai ya tabbata wani hatimi ne na asiri, ya wanke ya ba uwargidansa mai ciwon ciki ta sha. Na tambaye shi ko ta warke, ya ce sarai, yanzu ma maƙwabta ne suka matsa masa. Na yi masa bayani har bakina ya bushe cewa sunana ne kawai da sunan ubana, ya yi murmushi ya ce ya gane, ai irinmu ba ma tona asiri. Ya tafi ya baza labari. In ka ga mutum ya nemi littafinka fiye da sau ɗaya, kada ka yi saurin murna, ka tambaye shi me yake yi da shi.

Daga nan wasiƙu suka yi mini yawa, rabi na masu karatu, rabi na masu ciwon ciki. Hannu ɗaya ba zai iya ba, rumfa kuma tana nema ta mutu. Sai na je wurin Isa Mai Zayyana, wani dattijo a unguwarmu da ke kwafar littattafai, mai rubutu kamar an jera wuri. Muka shirya shi zai riƙa kwafe waƙar, ni in sa hannu a ƙarshe. Wannan babu laifi a cikinsa, haka malamai suke yi tun da. Isa yakan rubuta sunansa a matsayin mai kwafi, ni in rubuta nawa a matsayin mai waƙa, kowa da layinsa. Da na tsaya a nan da ba ka sami doguwar takarda a ƙarƙashin kilishinka ba.

Wata ranar Laraba akawu ya miƙo mini wasiƙa ya ce daga Yola take. Ba ni da kowa a Yola. Na buɗe a tsaye. Layin farko ya ce mai rubutun wani maƙwabci ne, Hammadu, shi kuwa mai maganar hannunsa ya daina riƙe alƙalami saboda rawar tsufa. Sai magana ta biyo:

"Na ji hwatake suna rera wata waƙa ta ciniki, sunka ce ta wani Audu ta na Sakkwato. In Audu nawa na, shi aiko min da guda, shi sa hannu nai. Modibbo."

Ɗana, a gaban akawu da mutane na yi kuka, ban ji kunya ba. Na dawo gida da sauri, na ɗauke ka daga bayan innarka, lokacin kana goye, na ce maka mai sunanka yana da rai. Kai kuwa ka yi mini fitsari a riga, wannan ce amsarka.

Na sa Isa ya kwafe littafin a takarda mafi kyau, ya yi masa zayyana da ja da ruwan ɗorawa. Ya kawo, na duba, abin sha'awa. Saura layina. Na ɗauko allo na gwada shi sau bakwai, kowanne ya fi na baya muni. Na dubi rubutun Isa, na dubi nawa, na tuna Modibbo yana juya allona yana neman kaji. Ga ni yanzu da gemu, da waƙa a bakin fatake, ana ce mini malam, amma zan aika wa mai kyan rubutun Sakkwato abin da mutanen Jega ke sha a matsayin magani. Raina ya ƙi. Ina so tsohon ya buɗe ya ce Audu ya zama mutum. Na koma wurin Isa na ce ya rubuta layin ƙarshen ma, ya sa cewa ni Audu na rubuta da hannuna, nasa sunan kuma ya bar shi wannan karon.

Isa ya ajiye alƙalami ya ce, "Malam, kwahin littahi aikina na. Amma hannun mutum nashi na, ba a aro nai."

Na ce masa ba fatawa na zo nema ba. Na ƙara da cewa ya ɗan lalata rubutun kaɗan don a yarda nawa ne. Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa, ya gwada sau biyu, ya ce hannunsa ya ƙi yin muni. Haka na naɗe na kai gidan waya, na jiƙa kan sarki da ruwan buta, ina jin kaina mai wayo. Ka lura, wasiƙar Modibbo tana aljihuna, wadda ta fara da faɗin wanda ya rubuta ta, amma idona bai ga darasin ba.

Aka yi wata uku. Amsa ta zo, akawu ya miƙo mini yana kallona ta saman tabarau, ya tambaye ni ko lafiya nake. Na ce lafiya ƙalau. Adireshin da boko yake, ban san an rubuta iyalin marigayi Audu ba. Na ƙi buɗewa a hanya, na kawo gida don innarka ta ji yadda ake yabon mijinta. Tana tankaɗe a tsakar gida, na sa aka shimfiɗa mini buzu, na gyara murya na fara karantawa da ƙarfi:

"Zuwa ga iyalin Audu, bayan ta'aziyya. Littahi ya iso, na gode. Amma wanga ba hannun Audu na ba. Shekara goma sha ɗaya ina bugun hannun nan, ba ni ɓata shi. An rubuta wai shi yar rubuta, Audu kuwa bai taɓa yi min ƙarya ba. Don haka na gane ya rasu, kun ɓoye min don tsuhwana, kunka cika mai alkawali. Allah shi saka muku, shi kuma Allah shi jiƙai nai."

Na tsaya. Innarka ta ajiye rariya ta ce in ci gaba, ba ta taɓa jin mamaci yana karanta ta'aziyyarsa ba. Na ci gaba don babu yadda zan yi. Modibbo ya ce ya tara ɗalibai sun yi mini saukar Alƙur'ani, an toya waina an yi sadaka. Sannan ya ba iyalina haƙuri da ambaton halayena. Ya ce marigayi ba shi da saurin fahimta, yakan yi gyangyaɗi a darasi, in an dama fura kuwa ba a neman sa a rasa. Ya ce rubutunsa jarrabawa ce da Allah Ya ɗora wa duk mai karatu. Amma ya ce a cikin ɗalibansa duka, wannan ne kaɗai in ya ce abu ba ya bukatar shaida, kuma kullum bayan sallar asuba yana ambaton sunansa. Ya ce a riƙe maraya da kyau, wato kai.

Innarka ta yi dariya har ta riƙe ciki wajen gyangyaɗi da fura. Da aka zo ƙarshe dariyar ta tsaya. Can ta ɗauki rariyarta ta ce, "To Malam, Allah shi jiƙan ka. Tuwon ga a aje maka, ko a ba masu rai?"

Yanzu zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Modibbo. Kwana tara na yi ina shawarar in zauna a mace. Na auna abin kamar yadda ake auna hatsi. Yola da nisa, ba wanda zai je ya tona. A mace ni mai gaskiya ne, ana yi mini addu'a kowace asuba, an ma riga an ci wainata. In na tashi kuwa, na tashi maƙaryaci a idon mutum ɗaya da ya rantse ba na ƙarya. Har na fara tunanin roƙon fataken gabas su daina cewa mai waƙar yana da rai. Cikin kwanakin nan in an yi sallama a zaure sai gabana ya faɗi, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Isa kuwa in mun haɗu a masallaci gaisuwa kawai yake yi mini mai tsawo, yana tambayar jikina. A gida innarka ba ta kirana sai marigayi. Marigayi ga ruwan wanka, marigayi an yi baƙo.

Ranar ta tara ta kawo mini fura, ba ta yi wasan ba. Ta tsaya har na kai ludayi baki, sannan ta ce, "Malam, tsoho na can shina kukan ɗa nai da yam mutu, kai kana nan kana shan hura. Wanne yaf fi muni, rubutunka ko wanga?"

Na ajiye ludayin. Ni duk lissafina a kan mutuncina yake, ban taɓa tsayawa na tuna cewa akwai tsoho a baƙuwar ƙasa, wanda ya rasa garinsa da zaurensa, na kuma ƙara masa da makokin ƙarya ba. Ɗana, in ka yi kuskure, kada ka tsaya auna abin da za ka rasa in ka faɗi gaskiya. Ka fara duba wanda ke ɗauke da nauyin kuskuren naka a lokacin da kake aunawar.

Na rufe rumfa na bar wa ƙanena. Na zauna na kwafe waƙar tun daga bismilla har tammat da wannan hannu nawa, ban bar Isa ya taɓa ko ɗigo ba. Wata guda da 'yan kwanaki na yi, takardar da na ɓata ta fi wadda na aika. A shafin farko na rubuta abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba: ina da rai, na ji kunyar rubutuna, na sa wani ya rubuta na ce ni ne, na kuma yi kwana tara ina son in bar shi cikin makoki. Na ce in ya cire ni daga ɗalibansa bai zalunce ni ba. Da na kai, akawu ya dubi bayan ƙunshin inda na yi ajamina, ya ce wannan karon ko shi ya shaida ni ne.

Jiran nan ban taɓa yin irinsa ba. Duk ranar da jakar gabas za ta iso ina bakin gidan waya tun kafin mai gudu ya shigo. Akawu in ya hango ni sai ya girgiza kai tun daga nesa, don ya rage mini tafiya. Tsoro biyu nake ji. Ko tsohon ya cika kafin saƙon ya isa, ko kuwa ya isa ya karanta ya ga bai cancanci amsa ba. Na biyun ya fi hana ni cin abinci.

Wata na huɗu amsa ta zo. Wannan karon ban nemi buzu ba, ban gyara murya ba, a bakin gidan waya na tsuguna na buɗe. Rubutun Hammadu ne kamar kullum. Modibbo ya ce littafi ya iso, kuma tun kafin a gama kwance fatar ya hango kajinsa sun dawo gida. Ya ce rubutun bai gyaru ba ko kaɗan, ya gode wa Allah. Wainar sadaka an riga an cinye, ba za a amayar ba. Saukar Alƙur'ani kuwa ya ce in riƙe ta ajiya, ranar bukatarta tana zuwa. Kan laifina bai ce komai ba, har Hammadu ya rufe da wassalam. Na ce shi ke nan, ya yi mini wasa don kara amma bai yafe ba.

Sai na ga wani abu a can ƙasan takardar, wanda da farko na ɗauka tawada ce ta zube. Layi ne guda, ya hau sama ya gangaro, haruffan sun rabu da juna, alƙalami ya huda takardar wuri biyu. Na daɗe ina haɗa shi kafin ya karantu. An rubuta: "Na yahe ma. Modibbo, da hannu nai."

Hannun da Sakkwato ke taruwa kallo ke nan. Ya fi nawa muni nesa ba kusa ba, kuma bai ji kunyar aiko mini da shi ba. Ban san sau nawa ya gwada ba, ban san wa ya riƙe masa takardar ba. Na zauna a ƙasa ina kuka har akawu ya fito daga bayan kanta ya kawo mini ruwa. Wata wasiƙa ba ta sake zuwa daga gare shi ba, kafin damina ta kewayo Hammadu ya rubuto cewa ya cika.

To ka ji. In aiki ya yi maka yawa ka nemi mai kwafi, ba aibi ba ne, amma ya sa sunansa kai ka sa naka. Layin da ya ce da hannunka, ya zama da hannunka, ko da mai karɓa sarki ne, ko da zai yi dariya. Wanda ya rubuto daga nesa yana neman sa hannunka ba kyan rubutu yake nema ba, masu kyan rubutu suna nan a garinsu. So yake ya riƙe abin da ka taɓa.

An ce a bakin gidan waya na Kano akwai masu zama da akwati suna rubuta wa mutane wasiƙa da rubutu mai kyau. In za ka rubuto mini kada ka je wurinsu. Na san rubutunka, nawa ka gada, ka yafe mini. Idona ya fara rauni, zan daɗe ina haɗa shi, innarka kuma za ta ce kaji biyu sun haɗu. Ka bar ta ta faɗa. Ni dai in na buɗe na ga tonon nan, na san ɗana yana da rai.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa albarka a alƙalaminka da mudunka. Ya tsare harshenka daga ƙarya, Ya tsare hannunka daga abin da za ka ji kunyar amsawa. Allah Ya jiƙan mai sunanka, Ya haskaka kabarinsa. Innarka tana sa maka albarka, ta ce kilishin na kwana goma ne, ba na yau ba. Allah Ya sa mu gana da alheri.

Wassalam.

Mahaifinka Audu, da hannunsa.